Wainar Tsoro

A gidanmu na unguwar Jarwal a Makka, in ƙamshin man shanu da zabibi ya taso daga madafa da rana tsaka, ba wanda ke tambayar wa ya haihu ko wa zai yi baƙi. Maƙwabta ma sun san tambayar da ake yi: me kuma ya tsorata Rumasa'u?

Ni ce Rumasa'un, kuma ban taɓa musun cewa ni matsoraciya ba ce. Amma a yi mini adalci. Kunama da takalmi nake kashe ta. Shekarar da ambaliya ta shiga Harami ni na ɗauko Inna a baya na hau tudu da ita. Abin da raina ba ya ɗauka shi ne tsoron da mutum zai nemo da kansa, ya shimfiɗa tabarma, ya miƙe ƙafa, ya ce a kawo masa. Tun ina ƙarama, in an fara tatsuniyar dodo, ni ce mai tuna cewa ban wanke tukunya ba.

Da na girma sai na samo wa kaina magani. Akwai wani hatsi da ke zuwa a gwangwani daga Jidda, shufan, kamar an bi ƙwayar alkama da dutsen guga an baje ta. Mutanen Makka shorba suke yi da shi da azumi, ni kuwa ban taɓa yarda da kunun da aka saka wa nama ba. Sai na riƙa haɗa shi da ɗan garin alkama, da man shanu, da sukari, da ƙwai, da kirfa, in watsa zabibin Ɗa'ifa hannu biyu. In ɗiba in danna a ramukan tanda, in kife farantin ƙarfe a kai, in zuba garwashi a bisa farantin don wuta ta ci sama da ƙasa. Abin da ke fitowa ba waina ba ne, ba kuma ka'ak, biskit ɗin Larabawa, ba: bakinsa ƙaras-ƙaras, tsakiyarsa da taushi, zabibin ya kumbura. Kafin in gama murza man a cikin garin, tsoron ya fara sakina. Kafin zubi na farko ya nuna, na manta abin da ya kore ni. Yara ne suka raɗa masa suna wainar tsoro, sunan kuma ya bi shi har gidajen da ba su san ni ba.

Wanda ya fi kowa sa ni hura gawayi shi ne ƙanena Dawuda. A nan Makka aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci ce, yana tuƙa babbar mota tsakanin Jidda da Makka yana kawo siminti a shekarun da aka fara faɗaɗa Harami. Ba ya dawowa hannu rabbana. Wata rana sabulu mai ƙamshi, wata rana agogon da ba ya tafiya. Ranar da ya fi jin kansa ita ce ranar da ya shigo da wani akwati a cikin buhun albasa, ya sa sakata, ya ce wannan sinima ce, kukun wani jirgin ruwa ya ba shi. Alhazan Kano da suka taɓa sauka wurinmu majigi suke ce wa irinsa. Ƙaramin inji ne mai fitila da mariƙi, ana murɗa shi da hannu kamar injin niƙa gahawa, fitilar kuma daga batirin mota take shan wuta. Hotunan suna naɗe a wani dogon zare mai faɗi, kowanne a cikin gwangwaninsa. Ba murya, sai ƙarar mariƙin kawai.

A lokacin ba abu ne da ake yi a fili ba. Don haka sai bayan azahar, lokacin da zafi ya kwantar da gari, ko akuya ba ta motsi a lungu, ake rufe tagogin ɗakin Inna, a toshe kafofin da tsumma, matan maƙwabta su shigo ɗaya-ɗaya kamar masu aron gishiri. Na farkon da muka gani wani ƙaton mutum ne da ke ta faɗawa cikin baho. Da ya bayyana a bango, mata duka suka ja mayafi suka rufe fuska, wata ma ta amsa masa sallamar da bai yi ba. Wannan na yi dariya har da hawaye. Amma mutum ba ya ƙoshi. Ba a daɗe ba yara suka ce sun gaji da mai baho, su abin firgita suke so, Dawuda kuwa ya kawo.

Kafin in faɗi abin da ya faru dole ku san Inna. Asiya sunanta, mutuniyar ƙasar Sakkwato, da ƙafa ta zo Makka. Ita da Babanmu sun taso da 'ya'ya biyu, ni ina goye, da yayata Ramlatu wadda ta isa ɗaukar ƙwarya a ka. A wani ƙauye gaba da Abashe, a ƙasar Wadai, agana ta kama Ramlatu. Ayari ya ce ba zai jira ba, ba kuma zai tafi da mai agana ba. Aka bar ta wurin wata Bahausa mai sayar da tuwo da ta zauna a can, a kan za a ɗauke ta a hanyar komowa. Ba a komo ba. Baba ya yi ta aikin ɗiban ruwa yana tara guzuri, guzurin na narkewa, har ya rasu Dawuda na rarrafe.

Ramlatu kuwa 'yar fari ce, kun kuma san al'adarmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ya dame ta. Inna ta riƙe wannan kunyar kamar farilla. Baba ne ya ba ni labarin ranar rabuwar. Ya ce yarinyar na bakin bukka tana kiran Inna, ayari duka ido a kan uwar, sai ta gyara goyona, ta ɗauki kayanta, ta wuce ba ta waiwaya ba. Mutane suka yi ta yaba ta, suna cewa ga mace. Bayan nan duk shekara da aikin hajji sai ta ja ni masaukin alhazan Wadai. Ta gaishe su, ta yi zancen hanya da ruwa, ta ce ko sun san wata mai tuwo, ko akwai wata yarinya a wurinta. In sun ce wa sunanta, sai ta kau da kai, ni in faɗa. Na girma, na yi aure, na haihu, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

To, ranar da Dawuda ya kawo abin firgitar, Inna na zaune a kan buzunta da carbi, don ɗakinta ne, ba ta kuma yarda a ce wani abu ya tashe ta. Ni ina bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje.

Aka fara da wata mata a ƙofar wani gidan katako tana sallamar 'yarta. Ta ɗaura mata gyale, ta rungume ta tsam, ta sumbaci goshinta, ta ba ta tulu. Inna ta ja tsaki ta ce a ji rashin kunya, rungumar ɗiya a gaban jama'a. Aka yi dariya. Yarinyar ta kama hanya tsakanin itatuwa. Iska ta taso, ganye na ta zuba, ta yi tuntuɓe, tulun ya faɗi ya tarwatse, nono ya malale a ƙasa. Ta ruga cikin wani kangon gida don ta fake. Sai ga wani abu a saman matakala, dogo, a lulluɓe, ba fuska, yana saukowa a hankali. Iyakar abin da na gani ke nan. Kafin ya sauko mataki na biyu ina madafa ina fasa ƙwai.

Sauran labarin yara ne suka ba ni. Ƙofa ta rufe kanta. Yarinyar ta yi ta dukan ƙofar, bakinta a buɗe tana kira, ba murya. Abin ya iso bayanta, ya ɗaga hannu a kan kafaɗarta. Daidai nan zaren ya ƙare, bango ya yi fari fat. Yara suka yi ihun daɗi, mata suka dafe ƙirji, aka buɗe taga, aka ci wainata ana yi mini tsiya, kowa ya watse.

Inna ce kawai ba ta tashi ba. Ta tambayi Dawuda ina yarinyar take. Ya nuna mata gwangwanin yana dariya, ya ce tana ciki. Ta ce to ina sauran. Ya ce akwai gwangwani na biyu amma ba a ba shi ba, jirgin kuma ya tashi, Allah kaɗai ya san tekun da yake.

"Wato kunka bar ta can," in ji Inna, "ita da wanga abu, kunka rufe murfi."

"Ya Ummi, sura ce bas. Hoto ne. Ma fi yarinya, babu wata yarinya."

Ta sa aka ajiye gwangwanin kusa da buzunta.

Da farko mun ɗauka rigimar tsufa ce. Har ni na ce mata ai Baturiya ce, ba tamu ba. Ta dube ni ta ce a bango kowa launin toka ne, ita ba ta ga Baturiya ba, ɗiya ta gani. Daren nan ba ta ci tuwo ba. Washegari ta tura koko gefe. Ba ta kuka, ba ta faɗa, salla a kan lokaci, amma in ka shiga sai ka tarar tafin hannunta na kan murfin gwangwanin, kamar yadda ake taɓa goshin mai zazzaɓi. Lokacin kuwa tsakiyar zafi ne, irin wanda ko saurayi in bai ci ba yana kwanta. Cikin 'yan kwanaki wuyanta ya rame, ruwan Zamzam kaɗai ke wucewa, ta fara salla a zaune. Na san idan aka ci gaba haka ba za ta kai hajjin bana ba.

Haushin da na ji na Dawuda ba ya faɗuwa. Na wanke shi tas a tsakar gida, na ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Shi ma ya rikice. Ya koma Jidda ya bi tashar jiragen ruwa yana neman gwangwani na biyu, bai samu ba. Ya ce zai jefar da wannan, Inna ta ce in ya taɓa shi ba ta yafe ba. Ya zaro mata zaren ya ɗaga a rana don ta ga ƙananan hotuna ne kawai a jere. Wannan ya ƙara dagula abin, don ta ga yarinyar sau ba adadi, kowacce baki a buɗe.

Ni kuwa me na iya in ban da tanda? Na yi ta yi, har gwangwanayen shufan suka taru a bayan randa. Na kai mata mai zafi, ta ɗauki ɗaya, na yi hamdala a zuci, sai ta ɗora ta a kan murfin gwangwanin ta ce ta yarinya ce. Ranar na koma madafa na yi kuka, don na gane abin da kowa a gidan ya gane amma ba mai iya faɗa. Tsoro na daji, kunya na gida, haka ake cewa. A gidanmu su biyun sun haɗu a ɗaki ɗaya suna cin uwata.

A gaban tandar nan dabarar ta zo mini. Ina juya ƙullu da muciya, hannun dama ya gaji, na sake hannu na juya ta ɗaya wajen. Na tsaya. Na leƙa na kira Dawuda na tambaye shi: mariƙin nan da ya murɗa ya kai yarinyar kangon, ba ya murɗuwa baya? Ya ce yana murɗuwa mana, ai haka ake mayar da kowane zare farkonsa kafin a ajiye, sai dai a kashe fitila ake yi, wannan ma rikicin ranar ne ya hana shi. Na ce to yau kada ka kashe. Ya ce bai taɓa gwadawa ba, bai san me za a gani ba.

Da muka gaya wa Inna za a buɗe gwangwanin, ta ce to, amma ba ta son taro, kuma ni zan zauna kusa da ita. Na ce ina da zubi a kan wuta. Ta ce ta sani. Haka na zo da farantin zubin farko na ajiye a tsakaninmu, na zauna. Aka rufe taga. Mu uku ne a ɗakin.

Fitila ta kama, ga yarinyar a bango inda aka bar ta, ga hannun abin a kan kafaɗarta. Na runtse ido. Inna ta kama wuyan hannuna da yatsunta masu sanyi ta ce in buɗe. Dawuda ya yi bisimilla ya fara murɗawa baya.

Hannun ya janye. Ban taɓa ganin abu ya janye haka ba, ba da fushi ba, ba da sauri ba, kamar an ce masa ba rabonka ba ce. Abin ya ja da baya, ya hau matakalarsa da baya, mataki-mataki, duhu ya haɗiye shi. Bakin yarinyar ya rufe, kai ka ce kukan ne ya koma cikinta. Ƙofar da ta ƙi buɗuwa ta buɗe da kanta. Yarinyar ta fito da baya, da gudu, gyalenta na gaba da ita.

Sai aka zo wurin tulun. Wallahi har yau in na tuna tsigar jikina tashi take. Nonon da ƙasa ta sha ya fito daga ƙasa. Ya tattaru, fari tas, ba ƙura ko ɗaya. Katangun tulun suka taso daga ko'ina, manya da ƙanana, kowanne ya san wurinsa, suka haɗe ba ko tsaga, nonon ya shige, tulun ya yi tsalle ya faɗa hannun yarinyar. Ganyen da suka zube suka tashi sama, kowanne ya koma reshensa. Na ji Dawuda, da ke kiran abin sura bas, yana cewa subhanallah a hankali. Tun ina yarinya malamai ke gaya mana ranar da za a tara ƙasusuwan da suka rududduge, ina cewa na yi imani, kuma na yi. Amma ranar ce na fara jin girman maganar a jikina. Na ce in ɗan injin da aka ɗauko a buhun albasa zai iya nuna wannan, to ina ga Wanda ya yi mai injin. Tsoro ya kama ni, amma ba irin wanda ke kai ni madafa ba. Wannan zaunar da ni ya yi.

Yarinyar ta ci gaba da komawa. Itatuwa suka wuce, hanya ta gajarce, ga gidan katako, ga uwar a bakin ƙofa hannunta a sama. Yarinyar ta iso gabanta, ta juyo, ta miƙa mata tulun, uwar ta ajiye. Sannan ta buɗe hannu biyu ta rungume ta.

"Tsaya nan," in ji Inna.

"Ya Ummi, in na tsaya fitila za ta ƙona shi."

"Tsaya kaɗan."

Ya tsaya. Hoton ya daskare a bango, fuskar yarinyar a nutse cikin wuyan uwarta, hannun uwar a bayan kanta. Na jira tsakin Inna ban ji ba. Sai na ji yatsunta sun saki hannuna. Ta ɗan karkata gaba, ta buɗe baki, a hankali, kamar mai ɗanɗana gishirin miya, ta ce:

"Ramlatu."

Sau ɗaya ta faɗa. Dawuda ya dube ni, ni na dubi ƙasa, don ji na yi kamar na ga abin da bai kamata 'ya ta gani ba. Ban san sunan na da daɗi haka ba sai ranar. Shekara da shekaru ni nake faɗinsa a gaban baƙi, ashe aro nake yi.

Wani ɗan ƙauri ya fara tashi daga injin. Inna ta ce ya kashe fitilar, ya rufe gwangwanin yanzu, yanzun nan, tun tana wurin uwarta. Ya kashe. Ya naɗe ɗan abin da ya rage a cikin duhu, ya mayar, ya danna murfi. Ta sa ya yi alkawari ba za a sake buɗe shi a gidan nan ba, ya yi, kuma ya cika. Labarin Ramlatu ta gaskiya bai taɓa zuwa mana ba, ko a shekarar, ko bayanta. Inna ma ba ta ce zai zo ba. Ba ta ruɗe ba, ta san bango bango ne.

Na buɗe taga, haske ya shigo. Inna ta share fuska da bakin mayafi, ta jawo farantin, ta zaɓi wadda ta fi zabibi. Ta gutsura, ta daɗe tana taunawa da 'yan haƙoran da suka rage mata, ta ce kirfar ta yi yawa. Ta cinye ta duka. Ta ɗauki ta biyu ta raba, ta miƙo mini rabi.

"Ci," ta ce. "Suna ta yi miki dariya wai matsoraciya. Ranar nan ke kina bayana, kunnenki na manne da ni. Mutane sun ga ban waiwaya ba. Ke kaɗai kinka ji abin da zuciyata ta yi."

Na karɓa na sa a baki. Muna nan zaune mu biyu har ɗaya daga cikin yara ya leƙo ya ce hayaƙi na fita daga madafa. Zubi na biyu ne da na manta a kan wuta, ya ƙone ƙurmus.